ƘURJIN DA YA ƘI JIN MAGANI

Yau maganar ciwon fata za mu yi, irin wanda ba ya kwantar da mutum, ba ya hana shi cin tuwo, amma ya hana shi zama cikin mutane.

Mu nan ba mu rasa sunan da za mu ba abin da ya fito ma mutum a jiki. In ya yi kai ya tara mugunya, maruru ne, a matse. In ya buɗe baki ya daɗe yana ruwa, gyambo ne, a nemo gari a barbaɗa. In yana ci yana ƙara faɗi, sai tsofaffi su rage murya su ce daji ne, kada a kai shi likita, wai daji ba ya son allura. In kuwa fuska ta fara kumbura, kunnuwa suka yi kauri, ba a ma faɗin sunan gaban mai shi, sai ya ba da baya a ce kuturta. Duk sunayen ga a ƙofar gida ake raɗa su, da ido, wani sa'in da hasken tocilar salula. Kuma sunan da aka raɗa shi ke nuna hanyar da kuɗi za su bi: wurin wanzami, wurin boka, wurin mai magani a tire, ko cikin ɗaka a rufe ƙofa.

A cikin waɗannan ciwuka akwai wanda likitoci ke kira leshmaniyoz ta fata. Da yawanmu mun gan shi ba mu san sunansa ba. Yana farawa kamar cizon sauro da ya ƙi bajewa, a hannu ko ƙafa ko fuska, wato inda tufa ba ta rufe ba. Bayan ƴan makonni sai ya yi tudu, tsakiyarsa ta fashe, gefensa ya ɗaga kamar bakin tukunya, ya yi ɓawo a sama. Abin mamaki, galibi ba ya zafi sosai sai in datti ya shiga. Nan yankinmu an fi ganinsa daga ƙarshen damina zuwa kaka da farkon ɗari, don cizon ya riga ya faru tun cikin damina, ciwon ne ke jinkirin fitowa.

Abin da ke kawo shi ƙyashi ne. Ba ƙyashin maƙwabci ba fa, ko da yake shi ake fara zargi. Ƙyashi ɗan ƙwaro, wanda tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne, sauro ma ƙato ne a gabansa. Ba ya kuka a kunne balle ka kai mishi mari, ba ya tashi sama sosai, tsalle-tsalle yake kusa da ƙasa. Macen ce ke cizo, daga magariba zuwa asuba. Da rana tana laɓe cikin ramin ɓeraye, tsagar katanga, suri, juji, ko gefen turken dabbobi. Ba duk ƙaramin ƙwaron da muke ce ma ƙyashi ke ɗauke da cutar ba, wani jinsi ne daga ciki. Shi wanga yana shan jinin ɓerayen daji masu ɗauke da ƙwayar, sannan ya zo ya ciji mutum ya zuba mishi. Ƙwayar ana kiranta Leishmania, daga sunan William Leishman, wani likitan sojan Ingila da ya bayyana ta a 1903. Tana da iri fiye da 20 masu kama ɗan Adam, kuma wadda aka fi samu a Afirka ta Yamma ita ce Leishmania major.

Ƴan Damagaram, wannan naku ne: rahoton farko na cutar a duk Afirka ta Yamma daga yankinku ya fito, a 1911, lokacin da wani likitan Faransa mai suna Stévenel ya yi rubutu kan gyambunan da yake gani a wurin. Ke nan ba baƙuwa ba ce, ta girmi kakannin wasunmu. A Burkina, daga 1996 ta yi yawa a Wagadugu har mutane suka laƙaba mata sunan sabuwar unguwar nan, suna cewa ciwon Waga 2000. A Aljeriya, inda ƴan uwanmu da yawa ke zuwa nema, sunan garin Biskra ta ɗauka, kuma ƙasar na cikin waɗanda suka fi yawan masu ita a duniya. Libiya ma akwai ta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa da ta fata kowace shekara, amma wajen 200,000 kaɗai ke shiga rajista. Sauran suna gida suna barbaɗa gari.

To ga inda maganar take. Irin wadda muka saba da ita tana warkewa da kanta. Wata 3, wata 6, wani ya kusa shekara, sai mikin ya bushe ya bar tabo, kuma galibi mai shi ya samu kariya daga irin wannan ƙwayar. Mutanen gabas sun daɗe da gane haka, shi ya sa a Halab ta Siriya suke ce mata ƙurjin shekara, a Iran da Afganistan ma sunan da suke kiranta daga kalmar shekara ya fito. Har ta kai a da, a wasu wuraren can, da gangan ake ɗibar ruwan mikin a sa ma yaro a inda wando ke rufewa, don ya yi ciwon a can ya huta, kada wata rana ya fito mishi a fuska. Iran ta yi ma mutane masu yawan gaske irin wannan a shekarun 1980, lokacin yaƙinta da Iraki.

Kun ga ciwon da ke warkewa da kansa, ai kowane mai magani gwani ne a kansa. Wanda ya ba da saiwa a wata na biyar ya ci akuya. Wanda ya tofa a wata na shida ya yi suna har ƙauye uku. Wanda ya ɗiga ruwan batir, Allah ya kiyaye, shi ma in an jima za a ce ai shi ya kashe ciwon, alhali ƙona naman ya yi ya ƙara ma tabon faɗi. Jiki ya yi aikinsa, wani ya karɓi lada. Daga nan ne muka gaji maganar da ake faɗa ma duk mai irin wanga miki: yi haƙuri, zai tafi. Kuma sau da yawa gaskiya ce, yana tafiya.

Amma akwai wanda ba ya tafiya. Shi ne dalilin rubutun ga.

Likitoci suna ce mata leshmaniyoz mai bazuwa a fata. Gidanta na asali wuri biyu ne: tsaunukan Habasha, da wasu ƙasashen Latin Amurka kamar Benezuwela da Barazil da Meziko. A Benezuwela an bayyana ta tun a shekarun 1940, kuma cikin waɗanda suka yi aikin akwai Jacinto Convit, likitan kutare da ya rasu a 2014 yana da shekara 100. A Habasha wani likita Bature, Anthony Bryceson, ya yi dogon rubutu a kanta a 1969 da 1970. Can ƙwayar wata ce daban, Leishmania aethiopica, kuma ba a ɓera take zama ba, a jikin rema take, wadda ke cikin duwatsu. Ku lura da abu guda: mutanen da suka fara gane ta duk a kusa da kutare suke aiki. Ba haɗuwa ba ce kawai. Masu cutar can ake kai su, don duk wanda ya gan su kuturta zai ce.

Ita ba ta fashewa. Ƙulli ɗaya ne zai fito, sumul, ba ruwa ba mugunya. Sai na biyu, sai na goma. A hankali, cikin watanni da shekaru, su bi fuska da kunnuwa da hannuwa da ƙafafu, wasu su haɗe su yi faci mai kauri, fuska ta yi nauyi har kamannin mutum su sake. Ba ta cika shiga hanta ko saifa ba, ba ta cika kisa ba. Zama take yi. A Habasha akwai waɗanda suka kamu suna yara suka girma da ita.

Da wani likitan fata ya yi muna bayanin dalili, mun daɗe muna juya maganar. Ya ce mikin nan mai buɗaɗɗen baki da muke ƙyama, alamar faɗa ce. Sojojin jiki sun gane baƙo ya shigo, sun taru a kansa, suna kashe shi suna ɓarnar naman wurin, shi ya sa ya fashe, kuma shi ya sa daga baya ya warke. A mai bazuwa kuwa, jiki bai ɗaga ma ƙwayar ko yatsa ba. Tana shiga cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu shi ne su haɗiye ta su kashe, ta mai da su ɗakin kwana, ta hayayyafa ta cika fata. Akwai wani gwaji da ake yi a fatar hannu don a ga ko jiki ya san ƙwayar; masu wannan iri, duk da ƙwayar ta cika su, gwajin ba ya nuna komai. Wato mummunan miki mai wari shi ne mai sauƙin, sumul ɗin da ake cewa ai bai ma fashe ba shi ne abin tsoro. Idonmu kuwa akasin haka yake karantawa.

Akwai kuma wata mai taurin kai ta wani fanni, wadda aka fi sani a Afganistan da Iran da Siriya. Ita mikin zai warke ya yi tabo, sai ƙananan ƙuraje su dinga tsirowa a gefen tabon, su lafa su dawo, shekara da shekaru, galibi a fuska. Ƙwayar da ke kawo ta ba irin tamu ba ce, amma wanda ya zauna can ya dawo da tabo mai tsiro ya san da zancen.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu da ciwon tsaunin Habasha? Ruwanmu shi ne, ƙwayar tamu ma tana iya yin irin wannan hali in ta tarar da garkuwar jiki a ƙasa. A Burkina likitoci sun ba da rahoton masu sida da leshmaniyoz ta bazu musu a jiki, ta daɗe, ta yi ta dawowa bayan magani. Tamowa ma tana raunana jiki, kuma mun san yadda yaranmu ke fita daga damina. Sai na uku, wanda mu da kanmu muke saye da kuɗinmu: magungunan nan dangin kortizon. Deksametazon da ake sha don a yi ƙiba, wanda ake ce ma sha ka fashe. Ƙananan ƙwayoyin da mai tire ke ba duk wanda ya ce gaɓoɓinsa na ciwo. Mayukan ƙara hasken fata da ke cike da kasuwanninmu, da yawansu akwai irin wannan sinadari a ciki. Aikinsu shi ne su kwantar da sojojin jiki. In ka shafa a kan miki, ja ya ragu, kumburi ya sauka, ka ce wallahi man ga yana da kyau. A ƙarƙashi kuwa ka ɗaure ma ɓarawo kare ne.

Muna da wani ɗan fada, magini, ba za mu faɗi suna ba. Yana da fuka tun yana yaro, kuma shekaru yana sayen wasu ƴan ƙwayoyi wurin mai tire don suna buɗe mishi ƙirji, har ya yi kumatu ana mishi barka da hutu. Wata damina ya yi ta kwana wurin wani gini a bakin gari, yana gadin siminti, a tabarma, ba sange. Bayan an yi girbi sai ga ɗan ƙulli a damtsensa. Bai fashe ba, bai yi zafi ba, kowa ya ce zai tafi. Kafin wata damina ta zagayo sun fito a goshi, a gefen hanci, a leɓatun kunne. Wata gwaggonsa ta kawo mai a ƴar kwalba, ya shafa sati guda abin ya kwanta, sati na uku ya taso ya fi da.

Daga nan sai magana ta fara yawo a unguwa. Ba wanda ya tare shi ya ce mishi kuturu, ai ba a yin haka. Sai dai in an zuba shayi wani ya ce shi ya ƙoshi. A masallaci a bar ɗan fili kusa da shi. Mai gidan da yake ma aiki ya ce a dakata tukuna, kuɗi sun yanke. An riga an sa ranar aurensa, sai dangin yarinyar suka aiko wai a ɗaga zuwa bayan salla, ba su ce wace salla ba. Shi kuma ya shiga neman magani ta inda aka nuna mishi. Wani ya ce jifa ne daga abokin sana'a, wani ya ce ya taka sammu a wurin ginin. Moto ɗinsa ya tafi a nan, da tumaki biyu na mahaifiyarsa.

Wani majo ne a wata ƙaramar likita ya fara sauya zancen, kuma da ɗan ƙullin auduga ya yi. Ya ce mishi rufe idonka, ya dinga taɓa wuraren yana tambaya, ka ji? Ya ji duka. Ya latsa jijiyoyin gwiwar hannu da na bayan gwiwa, ba kauri ba zafi. Ya ce malam, ni ban ga kuturta nan ba, amma ka je wurin likitan fata a kankari wurin a duba. Can aka ɗan tsaga gefen ƙulli ɗaya, aka shafa a gilashi, aka sa launi, aka duba a madubin labo. Ƙwayar ta cika gilashin. An yi mishi gwajin sida, babu. Sai likitan ya ce kawo mini duk abin da kake sha. Da ya ga ƴan ƙwayoyin fukar nan sai ya riƙe kai. Bai ce ya bari rana ɗaya ba, don wanda ya daɗe yana shan irinsu in ya yanke kwatsam yana iya faɗuwa. A hankali aka dinga rage mishi, aka sake mishi maganin fuka da na shaƙa. Aka yi mishi allurai na makonni, ƙullayen suka kwanta har muka ce an gama. Bayan wata biyar sai ga su a bakin kunne. Ya koma zagaye na biyu. Auren dai har yau ba a sake sa rana ba.

Abin da ya fi tsaya muna a rai cikin labarinsa shi ne arahar gwajin. Launin da ake sawa a gilashin, Giemsa, shi ne dai wanda ake gwajin palu da shi, gut-epes ɗin nan da kowa ya sani. Kuma mai bazuwa, da yake ƙwayar ta yi yawa a cikinta, ta fi kowace iri sauƙin gani. Ciwon da ya fi wuyar magani shi ya fi sauƙin ganewa, in an duba. Sai dai dole mai dubawa ya sa ta a ransa, don launin da ake neman ƙwayar kuturta da shi daban ne. In shi kaɗai aka sa, sai a ce ba a ga komai ba, mutum ya koma gida da sunan da unguwa ta raɗa mishi.

Bambancinta da kuturta yana da kyau kowa ya riƙe. Kuturta jijiya take ci: wurin ya mutu, ka taɓa wuta ba ka ji ba, yatsu su kanannaɗe. Leshmaniyoz ba ta taɓa jijiya, mai ita yana jin ko ƙuda ya sauka. Amma wannan ba hujjar yanke hukunci a gida ba ce, don akwai kuturtar da a farkonta ji bai gama ɗaukewa ba. Kuma ko kuturtar ce, ai tana da magani, kyauta ake ba da shi a duniya tun 1995, wata 6 ko wata 12, kuma wanda ya fara sha ba ya ɗaukar ma kowa. Muna da wuraren da suka san fata: asibitin Danja kusa da Maraɗi ya yi shekaru da dama yana wannan aiki, a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta ciwon fata da kuturta, manyan asibitocin jihohi ma ana iya farawa da su. Ita kuwa leshmaniyoz, kofin shayi ba ya ɗaukarta, musabaha ba ta ɗaukarta, sahun salla ba ya ɗaukarta. Sai ƙyashi ya shiga tsakani.

Maganar magani, ba za mu yi muku daɗin baki ba. Ga ƙaramin miki ɗaya ko biyu na irin wadda muka saba, wani lokaci likita zai ce a wanke a rufe a jira, ko ya yi allura a gefen mikin kansa, ko a daskarar da wurin da wani ruwa mai tsananin sanyi, ko a gasa shi da na'ura a zafin digiri 50 na daƙiƙa 30, don ƙwayar ba ta jure zafi. Kada wani ya ji haka ya ɗauko ƙarfe ya sa a wuta. Na'urar tana auna zafin ne daidai inda zai kashe ƙwaya bai dafa nama ba. In mikin yana da yawa, ko yana fuska, ko kan gaɓa, sai a koma allurar Glucantime ko ƴar uwarta Pentostam, kullum, wajen kwana 20. Tsohon magani ne, tun shekarun 1940 ake aiki da shi. Allurar na da zafi, tana sa ciwon gaɓoɓi da kasala, tana iya taɓa zuciya da hanta, shi ya sa ba a yin ta a gida wurin mai allurar unguwa, kuma ba a yi ma mai ciki.

Ga mai bazuwa kuwa, duk waɗannan kwantar da ita suke yi, ba kasafai suke tumɓuke ta ba. Magani ya rage ƙwayar, amma jiki ne ya kamata ya ƙarasa sauran, shi kuwa jikin bai san akwai faɗa ba. Da an tsaya sai ta sake tohowa. A Habasha sukan haɗa allura biyu, Pentostam da paromomisin, na kwana 60 ko fiye, mutum yana kwance a asibiti nesa da gonarsa. Sun taɓa dogara da wani mai suna pentamidin, yana aiki, amma ya bar wasu da ciwon suga na har abada. Akwai na sha, miltefosin, kwana 28, sai dai yana lalata ɗan tayi, dole mace ta kauce ma ciki lokacin shan sa da watanni bayansa, kuma shi ma an ga ciwon na dawowa. Akwai AmBisome da ake ƙarawa ta jijiya, mai tsada, mai son firiji. Ku duba jerin ga da kyau: miltefosin don ciwon kansa aka fara ƙera shi, AmBisome don wata cuta daban, paromomisin ma haka. Kusan duk aro ne. Cutar talaka ce, mai zama gidan ƙasa kusa da juji, ba kasuwar da kamfani zai zuba kuɗi a kanta. OMS ma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su ta sa ta.

Inda namu ya fi na Habasha sauƙi shi ne, sau da yawa akwai abin da ya danne jikin, kuma ana iya ɗaga shi. Mai sida in ya hau maganinsa, wanda kyauta ake ba da shi, garkuwarsa ta farfaɗo, maganin leshmaniyoz ya fi kama shi. Mai shan kortizon in aka raba shi da shi a hankali, haka. Saboda haka in likita ya ce a yi gwajin sida don ciwon fata, kada a ɗauka zagi ne ko zargi. Neman ƙofar da aka bari a buɗe yake.

Mata kam abin ya fi yi musu nauyi, wannan kowa ya sani. Namiji mai tabo a kumatu a ce ya sha gwagwarmaya. Budurwa mai tabo iri ɗaya a fara lissafin wa zai ɗauka. Shi ya sa ake ɓoye yarinya a ɗaka, a lulluɓe fuskar, a yi ta shafa mata mai don ya ɓace kafin mutane su gani, kuma man da ake shafawar shi ne irin wanda muka ambata. Iyaye mata, don Allah, miki a fuskar ɗiya ba abin jira ba ne ko da irin mai warkewa da kansa ne. Kusa da ido, kan hanci, leɓe, kunne, waɗannan wurare ne da likita ke son gani da wuri, don girman tabon ya danganta da daɗewar mikin da abin da aka zuba mishi.

Kariya ba ta da allurar rigakafi har yanzu. Abin da ke hannunmu ƙanana ne. Sange mai magani, wanda ake rabawa don palu, yana taimakawa. Marar magani kuwa ƙyashi na iya ratsa idonsa don ƙanƙanta. A soke shi ƙarƙashin tabarma, a sa shi ko a tsakar gida ake kwana, ko a gona, ko a garka, ko wurin gadi. Kwana bisa gado ya fi kwana a ƙasa. A liƙe tsagar ɗaki, a nisanta juji da turke daga inda ake shimfiɗa, a toshe ramukan ɓeraye na kusa da gida. Masu sabon gini a bakin gari su fi kowa kula, don su ne suka je suka tarar da ɓeraye a gidansu. Masu tafiya Aljeriya da Libiya da wuraren haƙar zinariya, in kun dawo da miki, ku gaya ma likita inda kuka kwana, ba inda kuke zaune kaɗai ba.

Ga majojinmu da ke karanta shafin ga, muna roƙo: in kun gan ta ku rubuta ta da sunanta a rajista, kada ta tafi a cikin "miki" kawai. Ma'aikatar lafiya da OMS da lissafi suke aiki, kuma gundumar da ba ta aika ko mutum ɗaya ba, ba wanda zai tuna ya aiko mata da Glucantime.

Wanda kuma ya ga ƙurji a jikinsa ko na ɗansa ya wuce wata guda bai nuna alamar tafiya ba, ko ƙulli marar fashewa ya fara yin ƴan uwa, ya riƙe ranar da ya fara ganinsa, ya ɗauki hoto da salula duk sati biyu da ƴar dala a gefe don a ga girman. Ran da zai je likita ya tafi da hotunan, ya zuba duk abin da yake sha da wanda yake shafawa a leda ya riƙa, har na mai tire, har man gwaggo na cikin kwalba.